Hawainiyarmu Ta Ƙi Shan Ruwa, Da Sauran Tambayoyinku

Wasiƙun masu kiwon hawainiya sun taru mini, don haka na haɗa su wuri guda a wannan makon.

Tambaya daga wata uwa a Zariya: "Malam, ɗana ya kawo hawainiya gida. Mun sa mata ruwa a kwano amma ko kallonsa ba ta yi, ga idanunta sun fara faɗawa. Ina tsoron ɗaukar alhakinta."

Hajiya, ki kwantar da hankalinki, Allah Ya saka miki da wannan tausayi. Hawainiya a kan bishiya take rayuwa, raɓa da ɗigon ruwan sama da ke kan ganye take lasa, yawancinsu ba sa ma gane ruwan da ke kwance a kwano. Ki ɗauke kwanon. Ki sayi sabuwar robar feshi irin ta masu aski, ki riƙa fesa ganyen kejin da sassafe da kuma bayan magariba, minti biyu zuwa uku, har ganye ya riƙa ɗiga. Kada ki fesa mata a fuska. Sannan ki huda gindin robar ruwa da allura, ki ɗora a saman keji yadda ruwan zai riƙa sauka kan ganye ɗigo-ɗigo. In kika ja gefe kika yi shiru, za ki ga ta tako a hankali ta fara lasa. Wasu ba sa sha in ana kallonsu.

Kashinta ne zai faɗa miki gaskiya. Akwai wani fari-fari da ke fita tare da shi: in fari ne tas, ruwa ya wadata, in ya koma ruwan goro, ƙishi ne. Da hunturu, lokacin da danshin iska a Arewa kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, ki ƙara feshi ɗaya da hantsi. In kwana biyu zuwa uku suka wuce idanun ba su ciko ba, sai likitan dabbobi. Kada a yi amfani da famfon feshin gona ko an wanke shi, kuma kada a fesa maganin sauro a ɗakin da take. In kuma a bayan gari yaron ya kamo ta, mayar da ita inda aka same ta ya fi komai.

Tambaya daga Sakkwato: "Na gani a intanet cewa sai an sa mata fitilar ɗumi mai wat 100 dare da rana. Wace iri zan saya?"

Ɗan'uwa, a Sakkwato? Masu wannan shawara a Ingila da Kanada suke, inda ƙanƙara ke sauka. Kai kana garin da zafin bazara ke wuce digiri 40. Ko hawainiyar Yaman mai tuntu a ka, wadda aka fi kiwo a duniya, wurin shan ɗuminta digiri 29 zuwa 32 ne, sauran kejin kuma 24 zuwa 27, da dare tana son duhu da sanyi. Aikinka shi ne sanyaya mata: inuwa, ganye mai yawa, keji mai raga wanda iska ke ratsawa. In ka ga ta hangame baki ta sauko ƙasan keji, zafi ya yi mata yawa. Ka riƙe kuɗinka.

Tambaya daga wani ɗalibi a Kano: "Mai shago ya haɗa mini akwatin gilashi, dutsen ɗumi mai lantarki, injin turo hazo da ƙwan UVB. Kuɗina ba za su kai duka ba, da wanne zan fara?"

Ƙanena, da ma'aunin zafi da danshi za ka fara, wanda shi ne bai sa maka a lissafin ba don ribarsa kaɗan ce. Akwatin gilashi na kifi ne, a zafinmu dafa ta zai yi. Dutsen ɗumi ba shi da amfani ga dabbar da ba ta kwanciya a ƙasa, kuma yana ƙona ciki. Injin hazo yana son wuta tsayayya da wanki a kai a kai, in kuma ka kunna shi da rana cikin zafi, ciwon numfashi ka gayyato mata. Hawainiyar Yaman danshin kashi 30 zuwa 50 ya ishe ta da rana, da dare ne take son ya hau, kuma feshin magariba yana taimakawa wajen wannan.

Ƙwan UVB ɗin ne ke ci mini tuwo a ƙwarya. UVB wani sashe ne na hasken rana, wanda ƙwan ke kwaikwayo. Hawainiya na buƙatar wannan haske don jikinta ya haɗa bitamin D3, wanda da shi ne ƙashi ke karɓar kalsiyam. Ido ba ya ganin hasken, wannan ce ƙofar da masu jabu suka samu. Sai a ɗauko ƙwai mai ɗan shuɗi-shuɗi, a sa a kwali mai hoton ƙadangare, a buga UVB da manyan baƙaƙe, a tsuga kuɗi. Ka kai gida ya kama, ka ce alhamdulillahi. Sai bayan watanni ka ga ƙafafunta sun lanƙwashe, muƙamuƙi ya yi laushi, harshe ya kasa kamo fara, tana faɗowa daga reshe. A lokacin wa za ka kama? Mai shago zai ce ai yana haske da ka saya. Kuma ƙashin da ya lanƙwashe ba ya komawa daidai.

Mu ma da laifinmu. Mutum zai yi ciniki kan kwanon gero har murya ta dishe, amma in aka nuna masa kwali mai rubutun Turanci sai ya miƙa kuɗi ba tambaya. Ƙwan da ba sunan kamfani, ko wanda farashinsa bai kai rabin na sauran ba, ka bar musu kayansu. Ko na ainihin ma ƙarfinsa na raguwa cikin wata shida zuwa shekara alhali yana ci gaba da haske, don haka a rubuta ranar da aka ɗaura shi. Mu da Allah Ya hore wa rana kyauta, ka fitar da keji mai raga da safe kafin rana ta yi zafi, rabinsa a inuwa don ta zaɓa da kanta. Ajiye ta bayan gilashin taga bai wadatar ba, gilashi na tare UVB. Sauran kuɗin ka sayi garin kalsiyam na barbaɗa wa ƙwarin da take ci.

Tambaya daga Maiduguri: "An yi mini tallar mai ƙaho uku, na saya?"

A'a. Wannan daga tsaunukan Kenya da Tanzaniya take, sanyi take so, musamman da dare. Ba za ta ga ƙarshen bazara a wurinku ba. Ka kuma tambayi mai tallar takardun shigo da ita, domin cinikin hawainiya tsakanin ƙasashe yana ƙarƙashin CITES, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran daji.

Ga mai tambayar ko zai haɗa biyu a keji ɗaya don kada kaɗaici ya dame su: kada ka fara. Hawainiya ba ta son maƙwabci, mai ƙarfin za ta tare wurin ɗumi da wurin ruwa, ɗayar ta yi ta ramewa. Kowace da kejinta, kuma a sa abin kariya a tsakani don kada su riƙa ganin juna.