Filin Tambayoyinku: Waye ɗan ƙwallon Amurkan nan da ake cewa yana raba gidaje?

TAMBAYA: Salam Malam, barka da aiki. Don Allah na ji ana zancen wani ɗan ƙwallo a Amurka da ya yi suna tun yana jami'a, wai shi ne ke raba wa mata masu rainon yara su kaɗai gidaje kyauta. Da gaske ne ko dai irin labaran Facebook ne? Kuma ɗan jami'a ina ya ga kuɗin gida? Daga mai bibiyarku kullum.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Da gaske ne, sunan shi Warrick Dunn, amma fa ƙwallon Amurka ya buga kafin ya yi ritaya, wadda ake sa hular kwano a rungumi ƙwallo a ruga ana kayar da juna, shi kuma aikin shi kenan a filin wasa a lokacin, a miƙa mai ya kutsa da gudu.

A Baton Rouge ta jihar Luwiziyana ya tashi. Mahaifiyar shi Betty Smothers 'yar sanda ce, ita kaɗai ke riƙe da yara shida, albashi baya isa shi yasa in ta tashi aiki take ƙara da gadi. A Janairun 1993 ta raka wata manajar kanti banki da dare za a ajiye ciniki, 'yan fashi suka buɗe musu wuta Betty ta rasu, kwana biyu kacal bayan Warrick ya cika 18. Shi ne babba, ƙanne biyar suka dawo wuyan shi da na kakar su. A haka ya tafi jami'ar Florida State ƙarƙashin koci Bobby Bowden, kuma a kakar wasa ta 1993 ɗin suka ci kofin ƙasa na jami'o'i.

Maganar kuɗi kuwa ka yi tambaya mai kyau, lokacin ɗan wasan jami'a ba a biyan shi, karatu kyauta ne da masauki da abinci, sai 2021 aka yarda su riƙa cin kuɗin talla da sunan su. To sai da ƙungiyar Tampa Bay Buccaneers ta NFL, wato gasar ƙwararru ta ƙwallon Amurka, ta ɗauke shi a 1997 ya fara ganin kuɗi, kuma a shekarar ya buɗe shirin Homes for the Holidays, saboda uwar shi har ta koma ga Allah haya take, bata taɓa mallakar gida ba.

Sai dai "kyauta" ɗin nan a gyara shi kaɗan. Ba gidan yake saya ya miƙa makulli ba, yana taimakawa ne da kafin alƙalami, sannan a zuba gadaje da kujeru da kayan kicin, a cika firji da abinci, ita kuma uwar ta ci gaba da biyan bashin gidanta duk wata, galibi tare da ƙungiyar Habitat for Humanity, mai taimaka wa masu ƙaramin ƙarfi su mallaki gida, ake yi. Ni wallahi nan ne ya fi burge ni, don mutane da yawa ƙarfin biyan wata-wata suna da shi, tara kuɗin farkon ne ke gagarar su, gashi a shiga gida ba ko katifa.

Cikin waɗanda suka amfana akwai wata uwa a jihar Jojiya a 2006, ɗanta Deshaun Watson yana yaro lokacin, daga baya shi ya ja jami'ar Clemson ta ci kofin ƙasa a kakar 2016. Shi kuma Dunn gasar NFL ta ba shi kyautar Walter Payton ta 2004 saboda hidimar jama'a, lokacin yana buga wa ƙungiyar Atlanta Falcons.