Tambaya da Amsa: Labarin kakata da ruwan Volta

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Kakata a tsohuwar Kete Krachi ta ƙasar Ghana aka haife ta, tana budurwa ruwan dam ɗin Akosombo ya cinye garin, daga nan suka zauna a wani tsibiri cikin tafkin Volta suna sana'ar banda kafin ta dawo wajenmu nan Aboabo. Kullum sai ta ba mu labari amma ba mai rubutawa. Na ji wai a wasu ƙasashe ana tara labaran mutanen tsibiri a adana, to yana da amfani kuwa, kuma ta ina zan fara? Jikarta, daga Kumasi.

AMSA: Wa'alaikumussalam 'yata, Allah ya yi miki albarka. Ki fara yau ɗin nan, kar ki jira sai kin samu wata na'ura, wayar hannunki ta isa.

Amfani kam akwai shi sosai. Dubi mutanen tsibiran Chagos na tekun Indiya da Ingila ta kwashe tsakanin 1968 zuwa 1973 don Amurka ta kafa sansanin soja a Diego Garcia, ɗaya daga cikin tsibiran, aka zube su a Mauritius da Seychelles. Tsofaffinsu ne suka yi ta faɗa da bakinsu yadda aka kashe musu karnuka kafin a loda su a jirgin ruwa, aka naɗi muryoyinsu aka rubuta, maganar ta ƙi mutuwa har a 2019 kotun duniya ta ce ya kamata Ingila ta bar tsibiran.

Namu na nan ma haka yake. An gina dam ɗin Akosombo daga 1961 zuwa 1965, an tada mutum wajen 80,000 aka raba su a sabbin garuruwa 52, wannan duk yana takardun gwamnati. Amma takarda ba ta san gidan wa ke jikin masallaci ba, ba ta san inda kwale-kwalen gishirin garin Ada ke tsayawa ba, kakarki ce ta sani. Kuma zangon Kete ba ƙaramin wuri ba ne, can fatake suka koma bayan yaƙin Salaga na 1892, can Alhaji Umaru mutumin Kano, babban malami kuma mawaƙi, ya yi limanci har ya rasu a 1934. Abin yana damuna wallahi yadda waɗanda suka taka wannan ƙasar da ƙafarsu suke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya mu kuma muna kallo.

Ki nemi izininta tukuna, ki zaɓi lokacin da gida ya yi shiru kamar bayan asuba, ki faɗi sunanta da kwanan wata a farkon rikodin. Kar ki ce "Hajiya ba ni tarihi", za ta ce ita me ta sani. Ki ce mata, ranar da aka kwashe ku me kika fara ɗauka, wa ya ƙi tashi, a tsibirin in ciwo ya kama mutum da dare ya ake yi. In ta yi shiru ki bar ta, in ta haɗa Hausa da Twi ki bar ta, in ta rikita shekara ma kar ki gyara mata, ki rubuta gefe. In ta ce wani abu na cikin gida ne, kar ya fita.

Sannan kar ki bar shi a WhatsApp kawai, waya tana ɓata. Ki sa a memori biyu, ɗaya a hannun kawunki. In ya taru ki tuntuɓi Cibiyar Nazarin Afirka ta jami'ar Legon, suna ajiye da tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da ajami na ƙasar nan, ki tambaye su ko za su karɓi kwafi.