Doguwar Tafiya A Jirgin Ruwa Tare Da Mai Keken Guragu

Tambaya: Malam, barka da aiki. Mahaifina yana amfani da keken guragu tun bayan da ya samu shanyewar ɓarin jiki, kuma muna shirin tafiyar shaƙatawa ta kusan wata biyu a babban jirgin ruwa, ni ce zan kula da shi. Yaya zaman jirgi yake ga mai irin lalurarsa, kuma me ya kamata in tanada?

Amsa: Malama, Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya saka miki da alheri. Matuƙar kun samu ɗakin da ya dace, zaman cikin jirgi ba zai ba ku wahala sosai ba. Inda aikin yake shi ne wajen sauka a tashoshi, da kuma nauyin jinyar da zai hau kanki ke kaɗai.

Ki fara da neman ɗaki, domin ɗakunan da aka keɓe wa masu keke kaɗan ne a kowane jirgi, kuma su ake fara kamawa, wani lokaci shekara guda kafin tafiya. Faɗin ƙofarsu yakan kai santimita 81, banɗakinsu ba shi da dokin ƙofa, akwai ƙarafan dafawa da kujerar wanka, alhali ɗakin gama-gari ƙofarsa ba ta cika wuce santimita 60 da 'yan kai ba. Kada ki yarda da shawarar a ajiye keken a bakin ƙofa, saboda ƙa'idojin tsaron rayuka a teku sun hana tare hanyar wucewa, dole keken ya kwana a ɗaki. Ki auna faɗinsa da tsawonsa, ki aika wa kamfanin jirgin a rubuce. Doka tana tare da ku a wasu wurare: a 2005 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa dokar kare haƙƙin nakasassu ta 1990 ta shafi jiragen ƙasashen waje da ke aiki a ruwan ƙasar, Tarayyar Turai ma tana da makamanciyarta da ta fara aiki a 2012.

Manyan jiragen yanzu sun haura mita 300 a tsawo, kuma tura keke a kan kafet mai kauri sau da yawa a rana yana gajiyar da kafaɗa, don haka ɗakin da ke tsakiyar jirgi kusa da lif ya fi, ga shi nan ne tangal-tangal ya fi sauƙi. A rinƙa danne birki duk lokacin da aka tsaya. Ranar farko, wajen atisayen ko-ta-kwana, ki tabbatar an rubuta sunan Baba cikin masu buƙatar taimako, domin ba a hawa lif idan hatsari ya auku.

Batun tashoshi ne nake so ki fi natsuwa a kai. Ba kowace tasha jirgi ke jingina da gaɓa ba. A wurare irin su Santorini ta ƙasar Girka da tsibirin Grand Cayman da ke tekun Karibiyan, jirgin yana tsayawa can cikin ruwa, sai ƙananan jirage su yi jigilar fasinjoji, kuma idan igiyar ruwa ta yi ƙarfi, kyaftin yana da ikon hana mai keke sauka, ba kuwa wanda zai ja da shi. Ko a tashar da aka jingina, gadar sauka takan yi gangara sosai gwargwadon cikar teku ko janyewarsa. Saboda haka ki karɓi jerin tashoshin tun kafin biyan kuɗi, ki ƙirga nawa ne ake sauka kai tsaye. A ganina wannan lissafin ya fi kyan jirgin muhimmanci. Ki kuma shirya wa Baba zuciya cewa akwai ranakun da zai wuni a jirgi, waɗanda ba su da daɗi a ji amma su ne ranakun da babu cunkoso a lif da ɗakin cin abinci.

Ma'aikatan jirgi ba sa ɗaga fasinja daga gado, ba sa yi masa wanka ko kai shi banɗaki. Abin da za ki iya jurewa na mako guda daban yake da na wata biyu, don haka idan Baba ba ya iya komawa kan keke da kansa, ki nemi mutum na biyu ya raka ku. Asibitin jirgi ƙarami ne, kuma biya ake yi, shi ya sa inshorar da ta haɗa da kwashe majinyaci zuwa asibitin tudu ta zama dole. Ki riƙe magungunansa a jakar hannu, da rarar da ta wuce kwanakin tafiyar, tare da takardar likita. Ki ɗauki tayar ajiya da ƙananan kayan gyara da matashin da ke kare shi daga gyambon dogon zama, kuma ki rinƙa goge ƙarafan keken saboda iskar gishiri tana kawo tsatsa. Idan keken mai batir ne, ki tambayi kamfanin irin batirin da suka amince da shi kafin ranar tashi.