Amsa a kan ƙananan kawunan jirgin mahaƙar kwal

Assalamu alaikum. Malam, na ga tambayarka: kana da wuri a jikin bango da bai wuce ƙafa biyar ba a ɗakinka a Kaduna, wani ɗan'uwanka zai dawo daga Ingila ya riƙo maka kaya, kuma ka rasa na zaɓa tsakanin babban kan jirgi irin Flying Scotsman da 'yan ƙananan nan masu rubutun NCB a gefe. Ka kuma tambaya ko waɗannan ƙananan na gaske ne aka kwaikwaya ko kayan wasan yara ne kawai. Na jima ina wannan harkar ta 'yan samfuran jirgin ƙasa masu tafiya da lantarki a kan tebur a nan Ingila, kuma a takaice ƙaramin zan ce ka ɗauka. Amma da sharaɗi, sharaɗin kuma shi ne mafi yawan abin da zan faɗa.

Na gaske ne. NCB ita ce tsohuwar hukumar kwal ta Birtaniya, wadda ta karɓi mahaƙan ƙasar ranar 1 ga Janairun 1947. A wancan zamanin kusan kowace babbar mahaƙa tana da nata layin dogo a cikin harabarta, da nata kawunan jirgi masu aiki da tururi, aikinsu shantin: su kwaso taragun da babu komai daga inda jirgin gwamnati ya ajiye su, su kai a loda, su maido. Jirgin ƙasan gwamnati ya daina amfani da tururi a watan Agustan 1968, amma mahaƙai suka ci gaba da nasu har cikin shekarun 1970, 'yan kaɗan ma suka leƙa farkon 1980. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: wanda kwal ke fita a ƙofar gidansa ba ya gaggawar sayen man dizal.

Wanda ya fi yawa a cikinsu shi ne wanda ake kira Austerity. Kamfanin Hunslet na birnin Lids ya tsara shi domin sojoji lokacin yaƙin duniya na biyu, na farko ya fito a 1943, aka ci gaba da ƙera shi a kamfanoni daban-daban har 1964, jimilla 485. Ƙafafu shida gare shi, duka a haɗe da sanda, tankin ruwansa kuma a kife yake a kan tukunyar tururi kamar sirdi a bayan doki. Tsawonsa ƙafa talatin da 'yan kai, wato a ma'aunin da zan ba ka shawara kimanin santimita 12. Flying Scotsman kuwa da taragon kwal ɗinsa ya ninka haka fiye da sau biyu, kuma bai da kyan gani sai yana jan dogayen taragun fasinja. A ƙafa biyar, da ka kunna shi ya kai ƙarshe.

Ma'auni ba sai mun ja magana ba: ka ɗauki OO. Shi ne kashi ɗaya cikin 76, milimita 4 a madadin kowace ƙafa, faɗin layinsa milimita 16.5. N ya fi ƙanƙanta, 1 cikin 148 a kan layi mai milimita 9, amma kawunan mahaƙa a cikinsa ba su da yawa, kuma ƙura ta fi damunsa. O yana da daɗin riƙewa, 1 cikin 43.5, sai dai kuɗi da wuri. A OO ne kasuwar ta cika a 'yan shekarun nan. Cikin kamfanonin da ke ƙera samfuran, Hornby ta fitar da ƙaramin kan jirgi Peckett W4 mai ƙafa huɗu a 2016, daga baya ta kawo B2 mai ƙafa shida. Shagon Hattons ya yi wani mai suna Andrew Barclay a 2018, kuma bayan an rufe shagon a 2024 Accurascale ta karɓi ƙirar. Rapido tana da wani Hunslet mai ƙafa shida da ake kira mai inci 16 (faɗin silindar na gasken ke nan), EFE Rail tana da Austerity, Hornby ma tana da nata tsohon Austerity wanda asalin ƙirarsa ta Dapol ce tun shekarun 1980, shi ya sa ake samunsa na hannu da araha. Sababbin yawanci sun haura fam 100.

To ga sharaɗin. Irin wannan kan jirgin ba a gudu ake ganin kyansa ba. Duk rayuwarsa a hankali yake tafiya, ya tura, ya tsaya, ya ja da baya. A layin Foxfield da ke Staffordshire, wanda aka shimfiɗa a 1893 domin mahaƙar kwal kuma yanzu masu sha'awa ke kula da shi, akwai hawa da ya kai 1 cikin 19. Na tsaya a gefensa na ga wani mai tankin sirdi yana hawa da taragu a bayansa: hayaƙi na tashi sama ɗoɗar, ƙasa na girgiza, ana jin kowane bugu daban, amma mai keke zai iya binsa. Wannan tafiyar ita kake so ka samu a kan teburinka, kuma ita ce mafi wuyar samu.

Abin da ke kawo wuyar shi ne wuta. Ƙaramin yana shan lantarki ne daga ƙarfen layi ta ƙafafunsa, bolt 12 idan na gargajiya ne. Babban kan jirgi yana da ƙafafu da yawa, idan ɗaya ta hau datti wata na taɓa ƙarfe. Mai ƙafa huɗu, biyu ne kawai a kowane gefe, kuma tazararsu ba ta wuce faɗin yatsu biyu ba. Idan layin bai kwanta daidai ba, ƙafa ɗaya ta ɗaga ko da kaurin takarda ne, saura ɗaya ke nan. Ita ma ta taka ƙura, sai ya tsaya cak. Da gudu zai wuce wurin da ƙarfin tafiyarsa, a hankali kuwa ba zai wuce ba. Daga nan sai mutum ya fara tura shi da yatsa, ya ce an sayar masa da marar kyau, alhali laifin na ƙasa ne. Shi ya sa na farkonka ya zama mai ƙafa shida, Austerity ko B2 ko Hunslet ɗin nan na Rapido. Peckett ƙarami yana da shiga rai, na sani, amma ka bar shi sai layinka ya nuna lafiyarsa.

Inda ya fi tsayawa shi ne mararrabar layi, daidai tsinin nan da ƙarafa biyu suka haɗu. Kamfanin Peco yana sayar da iri biyu da aka fi sani. Insulfrog tsininsa roba ne, ba ya ɗaukar wuta, haɗa shi ba wuya. Electrofrog ƙarfe ne har tsinin, amma yana buƙatar ka raba shi da mahaɗin roba a bayan tsinin, kuma ya fi kyau ka ja masa waya da makunnin da zai riƙa juya masa wuta duk lokacin da ka canza hanya. Aikin yamma ɗaya ne ga wanda ya iya liƙi da dalma, idan ba ka iya ba duk mai gyaran rediyo zai yi maka in ka zana masa. Ni a ganina wannan ya fi duk wani ado da za ka saya muhimmanci. Ka kuma liƙa wa kowane guntun layi wayarsa daga ƙarƙashin katako, kada ka dogara da 'yan mahaɗan ƙarfen nan, suna sakewa da daɗewa. Idan wata rana ka koma tsarin DCC, wato sarrafa kawunan da saƙon dijital ta cikin layi, akwai ɗan kafasita da ake sawa a cikin kan jirgin ya riƙe wuta na ɗan lokaci ya tsallakar da shi wurin datti. Yana aiki sosai, sai dai cikin waɗannan ƙananan matsattse ne, kuma ba ya gyara karkataccen layi.

Katakon ya zama mai kauri, da ƙarfafa a ƙarƙashi, ka ɗora ma'aunin magina ka tabbatar ya kwanta. A ƙafa biyar ba za ka yi da'ira ba, kuma ba ka buƙatarta. Akwai tsarin da ake kira Inglenook: layi ɗaya ya rabu uku da mararraba biyu kacal, ɗaya na ɗaukar tarago biyar, biyun uku-uku. Taragu takwas ne, sai ka jefa ƙuri'a ka fitar da biyar da jerin da za su bi, ka haɗa su ba tare da ka taɓa da hannu ba. Jerin da zai iya fitowa 6,720 ne. Ka sa rumfar loda kwal a kan layi ɗaya, ɗan ɗakin awo a gefen wani, ya zama harabar mahaƙa. Taragun da suka dace su ne na ƙarfe masu tan 16, da tsofaffin na katako waɗanda mahaƙai suka riƙe suna amfani da su a cikin gida bayan an hana su hawa babban layi.

Kafin ka aika saƙo ka zauna da hotuna ka zaɓi yanki da shekara, domin Austerity ba duka ɗaya ba ne. Bayan dokar tsabtace iska ta 1956 an matsa wa mahaƙai a kan baƙin hayaƙi, sai Hunslet ta yi aiki da dabarar injiniyan Ajantina Livio Dante Porta, aka sa wa wasu na'urar tura kwal ta ƙarƙashin wuta da bututun hayaƙi mai wata siffa daban. Wasu kuma aka sa musu bututun Giesl, wanda yake a matse kamar an danne shi daga gefe biyu. Na layin Lambton a Durham an rage musu ɗakin direba aka lanƙwasa rufin saboda matsattsen ramin da ke kan hanyar tashar loda jiragen ruwa a Sunderland. Ba wanda zai kama ka a Kaduna idan ka gauraya su, amma da ido ya waye kai da kanka za ka ji abin yana damunka.

Batun datti kuma, kada ka bi masu cewa a shafe shi baƙi ƙirin. A hotuna da yawa za ka ga direbobi sun goge tanki da sunan yana ƙyalli, kore ko ja ko shuɗi, dattin yana ƙasa ne wajen ƙafafu da saman rufi da bakin bututu. Garin alli mai launi, baƙi da ruwan ƙasa, da busasshen buroshi sun isa. Ka ja siririn farin zane daga bakin tankin ruwa zuwa ƙasa, inda ruwa mai gishiri ke zuba ya bushe. Lodin taragu, a nan kwal na gaske muke dakawa mu tankaɗe. Gawayi ma zai yi, sai dai ba ya ƙyalli, ka ɗan shafa masa banish bayan gam ya bushe. Kada garin ya kusanci ƙafafu ko giya.

Hunturun Kaduna shi ne abokin gabarka na gaske. Ka yi wa teburin murfi tun ranar farko, ko da na kwali ne, kawunan kuma su koma akwatinsu. Kafin ka kunna ka goge saman layi da tsumma da sifirit, kada ka sa takardar yashi, tana barin zane da ke tara datti. Mai ɗigo ɗaya ne a kan allura, kuma wanda ba ya cin roba, ban da man inji. Ka bar 'yar tazara a mahaɗin layi saboda zafin Maris da Afrilu, ƙarfen yana miƙewa. Filogin Ingila zai shiga soket ɗinka, amma ka bi da shi ta stabilaiza.

Wani a ƙarƙashin tambayarka ya ce me zai hana ka kwaikwayi mahaƙar kwal ta Inugu. Tunani ne mai kyau, tunda kwal ɗin da aka gano a Udi, kusa da Inugu, a 1909 shi ya sa aka ja layi zuwa Fatakwal a 1916, kuma shi jiragen da ke ratsa Kafanchan da Kaduna suka daɗe suna ƙonawa. Matsalar faɗin layi ce. Namu tsohon ƙafa uku da rabi ne, milimita 1,067, na Ingila 1,435. A ma'aunin OO namu zai zama milimita 14, kuma ba a sayar da shi a shirye. Masu kwaikwayon irin wannan faɗin sukan koma 1 cikin 64 a kan layin 16.5, su ƙera jikin da hannu. Aiki ne na gaba, ba na mafari ba.

Abin da za ka ce ɗan'uwanka ya riƙo: kai ɗaya mai ƙafa shida, mararraba biyu, layi mai lanƙwasuwa yadi uku ko huɗu, mahaɗan ƙarfe da na roba, na'urar sarrafa gudu mai kyau, da taragu takwas masu lamba daban-daban don ka iya bambance su. Ya sa mai shagon ya gwada kan a gabansa, gaba da baya, a mafi ƙarancin gudu, musamman idan na hannu ne. Idan yana ɗingishi ko yana tsayawa a wuri ɗaya duk juyin ƙafa, ya ajiye shi ya ɗauki wani, domin mayar da shi daga Kaduna ya fi kuɗinsa.