Ina neman Erbakan, waya tana kawo mini Erdoğan

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Zariya. An ba mu aikin rubutu a kan tsohon firaministan Turkiyya Necmettin Erbakan, amma duk sa'ad da na bincika a waya sai labaran Erdoğan su cika mini fuska. Shafukan da suka yi bayani sosai kuma da Turkanci suke. Yaya zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa, wayarka lafiyarta ƙalau. Google yana ɗora abin da aka fi nema a sama, kuma mutanen biyu tarihinsu a haɗe yake, domin a jam'iyyar Refah ta Erbakan ne Erdoğan ya ci kujerar magajin garin Istanbul a 1994. Sai ka rubuta sunan cikin alamar zance, "Necmettin Erbakan", ka bar fili, ka sa alamar ragi manne da sunan ɗayan: -Erdoğan. Kada dai ka dawwama a haka, don za ka rasa rubuce-rubucen da suka bayyana yadda almajiran Erbakan, su Erdoğan, suka bar malaminsu suka kafa jam'iyyar AKP a 2001.

Abin da ya fi wannan amfani shi ne ka yi bincike da kalmomin da su Turkawa suke amfani da su. Firaminista a wurinsu başbakan ne. Gwamnatin haɗin gwiwar da Erbakan ya yi da Tansu Çiller, shugabar wata jam'iyyar daban, daga Yunin 1996 zuwa Yunin 1997, Refahyol suke ce mata. Idan kuma kana son dalilin da ya sa shekara ɗaya kacal ya yi, rubuta 28 Şubat, wato 28 ga Fabrairu. A ranar ne a 1997 majalisar tsaron ƙasa, wadda sojoji ke da ƙarfi a ciki, ta gindaya masa sharuɗɗa, aka yi ta matsa masa har ya ajiye aiki. A Janairun 1998 kotun tsarin mulki ta rufe jam'iyyar Refah.

Haruffa irin su ş da ğ da ı marar ɗigo kuwa, shiga saitin Gboard, wato manhajar madannin rubutu ta waya, wajen harsuna, ka ƙara Turkanci. Minti ɗaya ne. Af, harafin c a Turkanci j ake karanta shi, ba kamar namu ba. Necmettin ɗin nan Najmuddin ne, kuma Hoca da za ka ga ana liƙa masa hoja ne, ma'ana malam.

Wajen fassara ne nake so ka buɗe ido. Chrome zai juya maka shafi zuwa Hausa, amma Turkanci ba ya bambanta "shi" da "ita", kalma ɗaya ce, "o". Na'ura cinka take yi. A labarin da ya haɗa Erbakan da Çiller, wadda mace ce, sai ka ga "ta ce" inda shi ne ya faɗa. Duk jimlar da za ka kafa hujja da ita, ka fassara ta zuwa harshe na biyu, Turanci ko Larabci, ka gwada su.

Shawarata, kada rubutunka ya tsaya kan rikicinsa da sojoji. Injiniya ne, ya yi digirin digirgir a Aachen ta Jamus a kan injina, ya kuma kafa masana'antar Gümüş Motor a 1956. Shi ne ya jagoranci kafa ƙungiyar D-8, ta haɗin kan tattalin arzikin ƙasashe masu tasowa, a Istanbul ranar 15 ga Yunin 1997, kwanaki kaɗan kafin ya sauka, kuma Najeriya tana cikin ƙasashe takwas da suka kafa ta. Malaminka zai so ganin wannan.

Tambaya: Ana turo mana bidiyon jawabansa a WhatsApp da fassara a ƙasa. Ta yaya zan san fassarar gaskiya ce?

Amsa: Ɗauki hoton fuskar wayar, ka saka a Google Lens, manhajar bincike da hoto, don gano inda bidiyon ya fito. In ka same shi a YouTube, kunna rubutun ƙasa na Turkanci ka zaɓi fassara. Sautin tsofaffin kasa-kasai ba ya fita sosai, don haka rubutun kan yi tsalle. Kuma ya rasu ne ranar 27 ga Fabrairun 2011, saboda haka duk bidiyon da aka ce yana tsokaci kan abin da ya faru bayan nan, goge shi kawai.