Amsa ga mai tambaya kan waken suya da zafin jiki bayan ɗaukewar al'ada

'Yar uwa, da na karanta tambayarki kan ko waken suya yana rage zafin nan da ke taso wa mace bayan ɗaukewar al'ada, sai na ga kamar ni ce na rubuta ta. Ina da shekara 49 abin ya same ni. Akwai daren da na canza rigar barci sau uku, gumi ya jiƙa har matashin kai, na zauna a bakin gado ina kuka ni kaɗai, ƙirjina yana bugawa, har gari ya waye. Da na kai kukana asibiti, wanda ya duba ni ko ɗaga kai bai yi ba, ya ce shekaru ne, in yi haƙuri. Har yau maganar nan tana ci mini rai, domin bai ko ambata mini cewa akwai maganin homon ba, alhali shi ne mafi ƙarfi a kan wannan zafi ga wadda ya dace da ita.

Waken suya ya taimake ni, amma kaɗan. Sinadaran cikinsa da ake kira aisofilabon suna kama da istirojin, wato homon ɗin mata da jikinmu ya rage samarwa, sai dai ƙarfinsu bai kusanci nasa ba. Na yi kusan wata uku ina shan madararsa kullum kafin zafin rana ya lafa, gumin dare kuwa bai saurara mini ba, kuma abin da wani babban nazari na 2016 ya nuna ke nan. Kada ki zargi kanki idan bai karɓe ki ba, domin wasu ƙwayoyin bakteriya ne a hanji suke mayar da sinadarin ya zama mai ƙarfi, kuma ba kowace mace ce ke da su ba.

Don Allah ki tsaya a kan abincin, kada ki yi gaggawar sayen kafson aisofilabon, musamman idan kin taɓa fama da sankarar mama, sai likita ya amince. Idan kina shan maganin tayirod, wato halittar nan ta wuya mai samar da homon, ki bar tazarar awa huɗu tsakaninsa da waken, domin waken yana rage shigar maganin jiki. Kuma idan kika ga jini bayan kin yi wata 12 ba al'ada, kada ki ɗora wa waken laifi, ki je a duba ki ba tare da jinkiri ba.