Ciyawar ƙarƙashin mangwaro ba ƙishi take ji ba

Ɗana, na saurari saƙonka, na kuma ga hotunan. Ka ce ciyawar gidan nan na Lekki da na bar maka ta soma ja a ƙarƙashin mangwaro da gindin katanga, alhali ta tsakar fili lafiyarta lau. Ka ce duk ranar da ba a yi ruwan sama ba kana jiƙa ta da yamma, amma abin sai gaba yake yi, Hajiya mai gidan ta fara ɗaure maka fuska, shi ne kake tambaya ko ka sayo takin yuriya ka watsa.

Kada ka saya. Tiyon ma naɗe shi ka rataye tukuna.

Na san inda tunanin ya fito, don ni ma da shi na zo garin nan. A gida idan shuka ta yi ja, ƙishi ne ko yunwa. Nan Legas ce, ruwan da take samu a shekara ya kusa ninka na Kano, kuma muna cikin Yuni, watan da ya fi kowane wata ruwa. Ƙasar da ke ƙarƙashin bishiya ba ta samun ranar da za ta tsotse ta, katanga kuma ta tare iska. Ruwan da ka zuba da yamma a kan ganyen yake kwana har hantsi, ga ɗumi. Abin da fumfuna ke so ke nan. Yuriya kuma sai ta fito da sabon ganye mai taushi, wanda cutar ta fi saurin ci. Ina sabon zuwa na taɓa yi wa wani gida a Ikeja haka, na watsa da hannu a inuwa don in faranta wa maigidan rai. Cikin kwanaki kaɗan wurin ya ƙone fal-fal. Da kuɗin aljihuna na sake dasawa, kuma ba na so ka sha irin wannan kunyar.

Gobe da sassafe, tun raɓa ba ta kama gabanta ba, ka je ka durƙusa a wurin. Daga tsaye ba a gane ciwon ciyawa. Kada ka duba tsakiyar inda ya mutu, can labari ya ƙare. Nemi bakin iyaka, inda ja ya haɗu da kore, ka kama ganye ɗaya da yatsu biyu ka ja a hankali. Idan ya zare sulul ba gardama, gindinsa ya yi baƙi-baƙi, ya yi laushi yana ɗan warin ruɓa, to fumfuna ce. Sau da yawa za ka ga jan ya yi zobe kamar an kifa faranti, gefensa ruwan ɗorawa. Hotonka na biyu haka ya nuna mini, shi ya sa zuciyata ta fi karkata can. Amma hoto ba ya maye gurbin hannu.

Idan kuwa ka ja sai ciyawar ta ɗago gaba ɗaya kamar tabarma, babu saiwa a ƙasanta, wani abu ne ke cin ta daga ciki. Sa shebur ka yanko ƙasa faɗin taku ɗaya, zurfin inci huɗu, ka juya ta. Gwazarma za ka nema: farar tsutsa ce mai jan kai, tana lanƙwashe. Ɗaya ko biyu ba komai, idan sun yi yawa a yanka ɗaya su ne ɓarayin. Duba gara ma, musamman kusa da katanga da tsohon kututture. Tsutsar da ke cin ganye da dare kuwa, kaɗa ɗan sabulun wanke-wanke a bokitin ruwa ka kwara, ka jira minti goma, da kanta za ta fito.

Tunda ka riga ka yanka, tsaya ka karanta ƙasar. Damƙi ka matse. Idan ruwa ya tsatso ta tsakanin yatsunka, ko ka ji tsami-tsami, ko ka ga gansakuka ta yi kore a sama, saiwar ba ta numfashi. Gidajen Lekki da yawa a kan cikon yashi aka gina su, magina kuma su binne ɓaraguzan bulo da siminti a gindin katanga, a yayyafa baƙar ƙasa 'yar kaɗan a kai a dasa ciyawa. Idan shebur ɗinka ya yi ƙara a inci uku, ka samo wani sashe na matsalar. Saiwar mangwaron ma tana nan shimfiɗe tana rabon abinci da ita.

Sauran ƙananan dalilai ba sa ɓuya. Fitsarin kare yakan bar tabo ja da zoben kore shar. Man janareta da ruwan wankin mota wari ke tona su. Wuƙar injin yankan ciyawa da ta dakushe yaga ganye take yi, sai bakinsa ya yi fari-fari ya bushe.

Akwai kuma abin da ya fi duk waɗannan nauyi a wurina: wace ciyawa ce a wurin? Mai siririn ganyen nan da ake sayarwa da sunan Bahama, ita ce kiri-kirinmu ta gida, kuma 'yar rana ce. A inuwa sai ta yi tsawo, ta sirance, ta yi gibi, ta mutu, ko da buhun taki ka juye mata. Ciyawar kafet mai faɗin ganye ta fi ta haƙuri da inuwa nesa ba kusa ba, amma ita ma tana son ta ga rana kamar awa huɗu a yini. Don haka ka ɗauki yini guda, duk awa ka leƙa, ka rubuta lokacin da rana ta sauka a wurin da lokacin da ta tashi.

In fumfunar ce, ga yadda za ka bi. Ba-ruwa ya tsaya cak har ƙasa ta sha iska. Idan rani ya zo ka koma ba ta ruwa, da safe kawai, ka ƙosar da ita sannan ka bar ta kwanaki, ban da yayyafin kullum. Kwashe ganyen mangwaro da manjagara kowace safiya, kada ya kwana a kai. Mataccen da ka karce ka fitar da shi daga gidan. Ɗaga wuƙar inji a wajen inuwa ta bar inci uku, don ganyen nan shi ne bakin da take cin ɗan hasken da ta samu, kuma kada ka taɓa yanke fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawonta. Wurin mai ciwo shi ne na ƙarshe a yanka, ka wanke inji bayan nan. Soka ƙarfe mai tsini a ƙasa nan da can, ka cika ramukan da yashi. Maganin feshi irin mankozeb yana tsayar da yaɗuwa, ba ya tayar da abin da ya mutu, kuma ba na so ka taɓa shi sai na zo mun karanta takardarsa tare. Taki sai ta farfaɗo, rabin abin da kake ba wadda ke cikin rana.

Mangwaron yana son a rage masa ƙananan rassa da na ciki, haske da iska su ratsa. Wannan sai da izinin Hajiya, kada ka ɗaga adda kafin ta ce to. Ka gaishe ta da ladabi, ka gaya mata gaskiya: wurin zai ɗauki makonni, kuma idan ranar ba ta kai awa huɗu ba, gindin bishiyar ya fi dacewa da tsakuwa ko furannin inuwa, da a yi ta dasa ciyawa tana mutuwa da kuɗinta.

Ranar Asabar in sha Allahu zan taso daga Agege bayan asuba. Ka ajiye mini yankan ƙasar a leda, da takardar awannin ranar.